BABI NA UKU: TSATSAR JIKI DA SINADARAN KARIYA A JIKIN MASU CUTAR KORONA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin ɓullar cutar korona, tun daga birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019, zuwa shigowarta Nijeriya ta Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, da isowarta Kano a watan Afrilu na wannan shekarar. A wannan babi kuwa za a leƙa cikin jikin majinyaci ne, domin a duba wani al'amari da masana kimiyyar jini suka lura da shi tun farkon annobar. Al'amarin shi ne, a jikin wanda cutar ta kama da tsanani akan tarar wasu sinadarai masu ɓarna sun yawaita, waɗanda ke kare jiki daga ɓarnarsu kuma sun ragu.

Abin da ya sa wannan batu ya cancanci babi guda shi ne yadda ya shafi aljihun jama'a da lafiyarsu. A lokacin kullen 2020 mutane da dama sun duƙufa wajen sayen bitamin C da ƙwayar zinki a kemis, wasu kuma suka koma ga dafa citta da tafarnuwa da lemun tsami, bisa imanin cewa hakan zai hana cutar kama su, ko ya warkar da ita idan ta kama. Wannan imani yana da tushe a kimiyyance, sai dai tushen bai kai inda aka kai shi ba. Saboda haka za a yi ƙoƙarin amsa tambayoyi biyu. Shin ƙarancin waɗannan sinadarai ne yake tsananta cutar, ko kuwa tsananin cutar ne yake cinye su? Sannan idan aka ɗura wa majinyaci su, yakan sami sauƙi?

3.1 Ma'anar Tsatsar Jiki

Duk wanda ya taɓa tsaga goro ya ajiye shi na ɗan lokaci ya ga yadda farar fuskarsa take rikiɗewa ta yi ja. Haka doya takan yi duhu bayan an fere ta, haka kuma fartanyar da aka bari a waje da damina takan yi tsatsa. Duk waɗannan aikin abu guda ne, wato iskar oksijin, wadda ita ce kimanin kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Iskar da rai ya dogara a kanta ita ce dai take cin ƙarfe, kuma tana iya cin naman jiki ta irin wannan hanya. Dalilin ke nan da ya sa a wannan kundi aka zaɓi a kira lamarin da sunan "tsatsar jiki". Ba ana nufin jiki yana fitar da jan gari irin na ƙarfe ba, kamancen aikin ne aka duba.

Yadda abin yake faruwa shi ne, a cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai wasu 'yan ɗakuna da ake kira mitokondiriya, inda ake ƙona abinci da oksijin a samar da ƙarfi. Ƙonawar ba ta kammala sarai. Wani ɗan kaso na oksijin ɗin yakan kuɓuce ya zama wani sinadari marar natsuwa. Rashin natsuwar tasa kuwa ya samo asali ne daga ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira elektiron, waɗanda a al'ada suke zama bibbiyu. Idan sinadari ya wayi gari da elektiron guda babu abokin zama, sai ya shiga fizgar na maƙwabcinsa, shi kuma wanda aka fizge wa ya fizgi na gaba, a haka ɓarnar take yaɗuwa. Irin waɗannan su ne za a riƙa kira "gwaurayen sinadarai" a nan, domin gwauro shi ne wanda ba shi da abokiyar zama. Mafi shahara a cikinsu shi ne sufa'okisaid. Akwai kuma danginsa da ba gwauraye ba ne amma suna haifar da su, kamar haidirojin ferokisaid, wato ruwan nan da ake wanke ciwo da shi a kemis.

Abubuwan da gwaurayen suke ci su ne kitsen da ya yi wa ƙwayar halitta bango, da furotin, da kuma sinadarin gado da ke tsakiyar ƙwayar. Tun a 1954 Rebeca Gerschman da abokan aikinta suka nuna cewa illar oksijin mai yawa da illar tururin nukiliya hanyarsu ɗaya ce, a 1956 kuma Denham Harman ya danganta tsufa da wannan ɓarna. Amma masanin da ya fito da ma'anar da ake amfani da ita shi ne Helmut Sies na ƙasar Jamus, a 1985. A wurinsa, tsatsar jiki ita ce rinjayar da masu ɓarna suke yi a kan masu kariya. Ke nan magana ce ta ma'auni mai hannu biyu, samuwar gwaurayen kaɗai ba cuta ba ce.

Wannan gaɓa ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin jiki da kansa yake ƙera gwaurayen da gangan a matsayin makami. Fararen ƙwayoyin jini, musamman nau'in da ake kira nutirofil, idan suka haɗiye ƙwayar cuta sukan watsa mata sufa'okisaid su halaka ta. Akwai yaran da ake haifa da naƙasar wannan makami, kuma rayuwarsu takan kasance cikin fama da ƙuraje da cututtukan huhu. Ashe da za a share gwaurayen gaba ɗaya daga jiki, da an kwance wa garkuwar jiki ɗamara.

3.2 Sinadaran Kariya

Sinadaran kariya su ne duk abubuwan da suke kashe kaifin gwaurayen kafin su yi ɓarna. Idan aka matsa lemun tsami a kan yankakken abu mai saurin yin duhu, yakan daɗe bai canja ba, wannan kuwa aikin tsamin ne da bitamin C da ke cikinsa. A jikin mutum masu kariyar sun kasu gida biyu, waɗanda jiki yake ƙerawa da waɗanda yake samu daga abinci.

A cikin na gida akwai inzayim guda uku, wato furotin masu gaggauta aiki. Na farko shi ne wanda McCord da Fridovich suka gano aikinsa a 1969, ana taƙaita sunansa da SOD, shi ne yake mayar da sufa'okisaid ya koma haidirojin ferokisaid. Daga nan sai katales da gulutatayon ferokisides su karɓa, su mayar da shi ruwa. Kumfar nan da take tashi idan an zuba haidirojin a kan ciwo, katales ɗin da ke cikin jini ne yake farfasa shi, oksijin yana fita. Bayan waɗannan akwai gulutatayon shi kansa, wanda shi ne mafi yawa a cikin ƙwayoyin halitta, kuma yawansa a ruwan da ya lulluɓe cikin huhu ya ninka na jini sau da yawa. Hikimar haka a fili take, huhu ne yake fuskantar iska kai tsaye.

Na abinci kuwa su ne bitamin C da E da A, da kuma wasu ma'adanai da ake buƙata ɗan ƙanƙane. Bitamin E yana zaune ne a cikin kitsen bangon ƙwayar halitta yana tare ɓarna, idan ya gaji bitamin C ya farfaɗo da shi. Akuya da saniya suna haɗa nasu bitamin C a hantarsu, amma ɗan Adam ba ya iyawa, dole sai ya ci. Su ma'adanan ba su kashe gwauraye da kansu, sai dai inzayim ɗin ba su aiki sai da su. SOD yana buƙatar zinki da tagulla, gulutatayon ferokisides kuma yana buƙatar seleniyam. Saboda haka rabuwar gida biyun nan ta bayani ce kawai, a aikace duk a sarƙe suke da juna.

3.3 Yadda Cutar Korona Take Haddasa Tsatsar Jiki

Ƙwayar cutar korona tana shiga ƙwayoyin halittar mutum ne ta wata ƙofa, wani furotin da ake kira ACE2, wanda ake samu a hanci da huhu da hanji da ƙoda da bangon jijiyoyin jini. Wannan furotin yana da aikinsa na asali, wato rage wani sinadari mai suna anjiyotensin na biyu, wanda yake matse jijiyoyi yana ɗaga bugun jini. Bayanin da masana da dama suka bayar shi ne, idan ƙwayar cutar ta mamaye ƙofar, aikin ragewar yakan yi rauni, anjiyotensin ya taru, shi kuma ya kunna inzayim ɗin da ke ƙera sufa'okisaid a bangon jijiyoyi. Wannan ita ce hanya ta farko.

Hanya ta biyu, wadda ta fi ƙarfi a wurin waɗanda suka jigata, ita ce ta garkuwar jiki. Likitoci sun lura tun a Wuhan cewa majinyacin da nutirofil suka yi yawa a jininsa, ɗayan nau'in fararen ƙwayoyin da ake kira limfosait kuma suka ragu, shi ne ya fi shiga haɗari. Nutirofil ɗin sukan yi cincirindo a huhu suna watsa makaminsu, makamin kuwa ba ya bambanta ƙwayar cuta da naman mai gida. 'Yan jakunkunan iska na huhu, waɗanda bangonsu ya fi fatar albasa sirantaka nesa ba kusa ba, sai su fara yoyo, ruwa ya cika su, numfashi ya gagara. Wannan ne ya sa sau da yawa majinyaci yakan fi jigata a mako na biyu, alhali a lokacin yawan ƙwayar cutar a hancinsa ya riga ya fara raguwa.

Ɓarnar ba ta tsaya a huhu ba. Bangon jijiyar jini mai lafiya yana fitar da wata iska mai suna naitirik okisaid, wadda take buɗe jijiyar tana hana jini daskarewa. Sufa'okisaid yana haɗuwa da wannan iska nan take ya lalata ta, abin da suka haifa kuma ya fi shi guba. Idan aka rasa ta, jini yakan fara yin gudaji, kuma gudajin jini a huhu da ƙafa da ƙwaƙwalwa yana daga cikin abubuwan da suka kashe masu korona da yawa. Har wa yau, wani bincike da Olagnier da abokan aikinsa suka buga a 2020 daga ƙasar Denmak ya nuna cewa a naman huhun masu cutar, tsarin da yake umurtar jiki ya ƙara ƙera masu kariya ya yi sanyi. Wato a daidai lokacin da wuta take ci, rijiyar da za a ɗebo ruwan kashe ta tana ƙafewa.

Idan aka lura da wannan bayani za a fahimci dalilin da ya sa tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini da masu ƙiba sosai suka fi mutuwa a annobar. Dukkan waɗannan an daɗe da sanin cewa ma'auninsu ya riga ya karkata wajen ɓarna tun kafin cutar ta zo. A kan haka ne wani masani ɗan ƙasar Rasha, Alexey Polonikov, ya yi hasashe a 2020 cewa ƙarancin gulutatayon shi ne ya fi dacewa a ɗora wa alhakin tsananin cutar. Hasashe ne dai, amma ya ja hankalin masu bincike ƙwarai.

3.4 Abin da Aka Tarar a Jinin Majinyata

Gwaurayen sinadarai ba su daɗewa, wasunsu ba su kai ƙiftawar ido ba sun ɓace, saboda haka ba a cika auna su kai tsaye ba. Abin da ake aunawa shi ne sawunsu, wato ragowar kitsen da suka ci. Guda biyu ne aka fi amfani da su, malondayaldihaid, wanda ake taƙaitawa da MDA, da kuma aisofurosten, wanda Morrow da Roberts suka gano a 1990. A ɗaya hannun kuma sai a auna yawan masu kariyar da suka rage.

A birnin Basalona na ƙasar Sifen, an auna jinin mutum 18 da cutar ta kai su ga matsanancin ciwon huhu a 2020, aka tarar 17 daga cikinsu bitamin C ɗin jininsu ya yi ƙasan da na'urar ba ta iya ganinsa. A Jamus kuma, Moghaddam da abokan aikinsa sun bi majinyata 33 a wannan shekarar, suka ga cewa waɗanda suka rayu sun fi waɗanda suka rasu yawan seleniyam. A ƙasar Sin an kwatanta yankuna ne. Birnin Enshi, wanda ƙasarsa take da arzikin seleniyam, yawan waɗanda suka warke a cikinsa ya fi na sauran biranen lardin Hubei, lardin Heilongjiang kuwa, inda aka san ƙasar da ƙarancinsa, yawan mace-macensa ya fi na sauran lardunan da ke wajen Hubei.

3.4.1 Binciken Jihar Jigawa

Binciken da ya fi kusa da mu shi ne wanda Muhammad da abokan aikinsa suka buga a 2021, wanda aka gudanar a cibiyar killace masu cutar ta Jihar Jigawa. Sun ɗebi jinin majinyata 50 masu alamomin cutar, suka kwatanta da na mutum 21 masu lafiya. Sakamakon ya nuna cewa bitamin A da C da E duk sun yi ƙasa a jinin majinyatan. Haka gulutatayon da inzayim ɗin nan uku. A cikin ma'adanai kuma seleniyam da zinki da maganiziyam da tagulla sun ragu, kuromiyam ne kaɗai ba a ga bambanci a kansa ba.

Akwai wani abu a sakamakon da bai kamata a tsallake shi ba. Sawun ɓarna guda biyu da aka auna ba su yi magana da murya ɗaya ba. Aisofurosten ya hau a jinin majinyatan, kodayake da ƙyar bambancin ya haye mizanin da masana ƙididdiga suke amincewa da shi, amma MDA ƙasa ya yi, saɓanin abin da ake tsammani. A ganin mai wannan nazari, bayyana wannan saɓani da masu binciken suka yi abin yabo ne, kuma bai rushe sakamakon ba. An san cewa awon MDA yana da saurin ruɗi, abincin da mutum ya ci da yadda aka adana jinin duk suna iya canja shi, shi ya sa masana suka fi dogara da aisofurosten. Amma yana nuna cewa mutum 71 ba su isa a yanke wa al'umma hukunci da su ba.

3.5 Sanadi ne ko Sakamako?

Dukkan binciken jinin majinyata da aka kawo a sama sun yi tarayya a abu guda, an ɗebi jinin ne bayan mutum ya riga ya kwanta. Babu wanda ya auna shi wata guda kafin ya kamu. Wanda ya iso bayan gobara ya tarar da randunan gidan babu ruwa, ba zai iya cewa rashin ruwan ne ya sa gidan ya ƙone ba, domin mai yiwuwa ne a wajen kashe wutar aka ƙarar da shi.

Ban da haka, akwai wata ɗabi'a ta jiki da take rikita awon. Duk lokacin da kumburi ya tashi a jiki, ko na korona ne ko na zazzaɓin cizon sauro ko na tiyata, hanta takan janye zinki daga jini ta ɓoye shi a cikinta. Takan kuma rage ƙera furotin ɗin da suke dakon bitamin A da seleniyam a cikin jini. Ke nan mutum yana iya kasancewa da isasshen bitamin A a ajiye a hantarsa, amma awon jini ya nuna ƙaranci. Ƙari a kan haka, majinyacin korona yakan rasa jin ƙanshi da ɗanɗano, abinci ya fita daga ransa kwana da kwanaki, ga zazzaɓi, wani ma ga gudawa. Bitamin C kuwa ba ya jimawa a jiki idan ba a ci ba.

Wannan ba ya kore cewa ƙarancin da aka shiga cutar da shi yana da tasiri. Tun a shekarun 1990 Melinda Beck ta nuna a jikin ɓeraye cewa wata ƙwayar cuta marar illa takan rikiɗe ta zama mai lalata zuciya idan ta ratsa jikin da ba shi da seleniyam. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne lamarin yana tafiya ta fuska biyu, wanda ya shiga da ƙaramin guzuri ya fi saurin ƙarewa, cutar kuma tana cinye guzurin kowa. Hanyar da za a raba gardama ita ce gwaji, a ba wasu majinyata sinadaran a hana wasu, ta hanyar ƙuri'a, sannan a ga abin da zai biyo baya.

3.6 Gwajin Ba da Sinadaran Kariya a Matsayin Magani

An yi irin wannan gwaji, kuma ba sau ɗaya ba. A Amurka, asibitin Cleveland Clinic ya raba majinyata 214 da ke jinya a gida kashi huɗu a 2020. Kashi ɗaya aka ba su bitamin C miligiram 8,000 kullum, kashi ɗaya zinki miligiram 50, kashi ɗaya duka biyun, na ƙarshe kuma kulawar da aka saba kawai, har kwana 10. Bambancin kwanakin da alamomin cutar suka ɗauka kafin su ragu bai kai wanda za a dogara da shi ba, har aka dakatar da gwajin kafin lokacinsa. Waɗanda suka sha bitamin C ɗin kuma sun fi kukan tashin zuciya da murɗar ciki da gudawa.

Mai iya cewa ai ta baki aka ba su, hanji kuwa ba ya ɗaukar fiye da ƙima. To, an gwada ta jijiya. A 2023 aka buga sakamakon wasu manyan gwaje-gwaje biyu da aka haɗe, LOVIT-COVID da REMAP-CAP, waɗanda suka ƙunshi majinyata 2,590 da ke kwance a asibitocin ƙasashe daban-daban. Bitamin C ta jijiya bai rage buƙatar na'urar taimakon numfashi ba, bai kuma ƙara yawan waɗanda suka rayu ba, alƙaluman ma sun ɗan karkata ne wajen illa. A birnin Sawo Fawulo na ƙasar Barazil kuma an gwada wani magani da jiki yake ƙera gulutatayon da shi a kan majinyata 135, shi ma bai hana su kaiwa ga na'urar numfashi ba. Wannan sakamako bai zo wa tsofaffin masana da mamaki ba. A 1994 an taɓa buga wani gwaji na ƙasar Finlan a kan maza masu shan taba fiye da 29,000, inda waɗanda aka ba ƙwayar bita-karotin, wadda jiki yake mayarwa bitamin A, suka fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin 100.

Maganin da ya nuna amfani a fili shi ne wanda ya tunkari tushen wutar, wato kumburin kansa. Gwajin RECOVERY na ƙasar Birtaniya ya sanar a watan Yuni na 2020 cewa dekisametason, miligiram 6 kullum har kwana 10, ya rage mutuwa da kimanin kashi ɗaya cikin uku a wurin waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar a wurin waɗanda ake ba oksijin. Amma bai amfani waɗanda ba su buƙatar oksijin ba. Ya kamata a jaddada wannan, ganin yadda ake sayen ƙwayar a kemis ba da takardar likita ba, har wasu suna shanta don neman ƙiba.

3.7 Abin Lura Game da Ƙasar Hausa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa daga kan cutar ranar 5 ga Mayu, 2023, amma al'adar haɗiyar ƙwayoyin bitamin da an ji mura ba ta tafi tare da shi ba. Babban mutum yana buƙatar bitamin C miligiram 75 zuwa 90 ne a rana, kuma iyakar da masana abinci na Amurka suka gindaya ita ce 2,000. Abin da ya haura buƙata yawanci fitsari yake bi, a hanyarsa kuma yana iya taimakawa wajen haɗa tsakuwar ƙoda. Zinki iyakarsa miligiram 40 ce, wanda ya daɗe yana wuce ta yakan hana hanjinsa ɗaukar tagulla, alhali SOD yana buƙatar su biyun.

Akwai kuma wani haɗari da ya fi shafar mutanenmu. Wani inzayim mai suna G6PD shi ne yake samar da abin da ake farfaɗo da gulutatayon da shi a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Ƙarancinsa gado ne, ya fi bayyana ga maza, kuma ya yawaita a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, ciki har da Afirka ta Yamma. Mai wannan ƙaranci yakan rayu lafiya bai ma san yana da shi ba, sai ranar da ya haɗu da abin da ya fi ƙarfin jininsa, sai jajayen ƙwayoyin su farfashe, ido ya yi rawaya irin na ciwon shawara, fitsari ya yi duhu. Ƙwallon kafur da ake sa wa a kayan jarirai yana yin haka, lalle ma yana yi wa jariri mai ƙarancin. Bitamin C mai yawa ta jijiya yana cikin jerin, domin idan ya yi yawa ainun yakan haifar da haidirojin ferokisaid a jiki, mai kariya ya koma mai ɓarna. Wannan ne ya sa manyan gwaje-gwajen bitamin C ta jijiya suke cire waɗanda aka san suna da wannan ƙaranci.

Ta fuskar abinci kuwa, Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda aka tabbatar yana da ƙarancin wani sinadari, cike masa giɓin magani ne, amma guzurin da jiki zai shiga cuta da shi a tukunya ake tara shi tun da sauran lafiya. Garin 'ya'yan kuka da gwaiba da lemo da ɗanyen tumatir suna da bitamin C. Manja da karas da zogale da hanta suna ba da bitamin A, gyaɗa da riɗi kuma bitamin E, nama da kifi da ƙwai su ne suka fi zinki da seleniyam. Matsalar ita ce yadda ake sarrafa su. Bitamin C ba ya jure doguwar dahuwa, ba ya jure shanya a rana, kanwa kuma tana kashe shi, ga shi miyar ganye a gidajenmu da wuya ta tsallake ɗaya daga cikin ukun. Gero da dawa, waɗanda su ne cimar yau da kullum, suna ɗauke da wani sinadari mai suna faitet da yake riƙe zinki ya hana hanji ɗaukarsa. Jiƙa hatsi ya kwana, ko barinsa ya yi tsami kamar yadda ake yi wa gasarar koko, yana rage wannan sinadari, saboda haka zinkin da ke cikin koko ya fi na tuwon da aka tuƙa da busasshen gari saurin shiga jini.